Ranar da Aka Ba Nababa Kai

A Ɗorawar Liman, ƙauyen da ke hannun hagu in ka baro Zakirai, ba wanda bai san Nababa ya yi jami'a ba, domin ba wanda bai faɗa wa ba. Shekara biyu ya yi can wajen Rijiyar Zaki. Inda labarin ba ya kaiwa shi ne katangar jami'ar ake ginawa a lokacin, shi kuma yana miƙa bulo. Ya dawo gida da biro uku a aljihun gaba, da tabarau marar magani, da wani ilimi guda da ya ce ko malaman ciki ba su gano shi ba: wai Turanci Hausa ce aka matse wa baki.

"Ku duba mana," yakan ce a gindin ɗorawa. "Tebur, bokiti, kafinta, direba, duk namu ne. Ɗauka suka yi suka canza musu riga. In ka san harafin farko da na ƙarshe, ka gama Turanci."

Aina'u 'yar wansa ce marigayi, shekararta sha bakwai. Tun tana ƙarama take ɗinki da allura, har yatsanta ya yi kanta. Duk ranar kasuwar Zakirai sai ta tsaya ƙofar shagon tela tana kallon keken ɗinki, har mahaifiyarta Fadima ta janye ta da cewa kallo ba ya ɗinka riga. Keken nan shi ne abin da take so a duniya, kuma kowa a gidan ya sani.

Bayan an gama yankan gero sai wata ƙungiya ta aiko wa Mai unguwa takardu biyar. An ce kowane matashi ya zaɓi sana'ar da ta dace da shi, a koya masa wata shida a cikin gari, a ba shi kayan aiki da takardar shaida. Sau ɗaya ake zuwa kowane ƙauye, kuma kowace sana'a kujera ɗaya ce. Mai unguwa ya juya takardun sama, ya juya su ƙasa, ya ga duk Turanci ne. Kafin ya ce a kira malamin firamare, Nababa ya riga ya miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe, wannan ai aikinmu ne na 'yan jami'a. Malamin firamare zai cike takarda ne kawai. Ni kuwa zan auna yaro, in gano hanyarsa tun daga tafin ƙafa."

"To ba tambayarsu za a yi ba?" in ji Mai unguwa.

"Tambaya ta mutanen da ce. Yanzu gwaji ake yi."

Washegari aka wayi gari da tebur a gindin ɗorawa, da kwalin taliya an rubuta masa OFIS da gawayi. Matasa huɗu Mai unguwa ya tsayar: Aina'u, da Naziru mai son gyaran mashin, da Hashimu mai son kiwon kaji, da Sha'aban wanda tun da ya raka kawunsa Dawanau sau ɗaya bai sake maganar komai ba sai tuƙin tirela. Duk sun faɗi abin da suke so tun kafin a zauna. Nababa ya ce bai ji ba, sai bayan gwaji.

Da Naziru aka fara. Nababa ya aro mashin ɗin Mai unguwa, ya ce zai kwance ya nuna, yaro ya mayar. Ya kwance fulogi, ya kwance kafireta, ya ga abin ya yi masa daɗi ya ci gaba. Da la'asar Naziru ya haɗa abin da ya haɗu, aka sami ragowar noti bakwai da wani ƙarfe mai kama da cokali.

"Wannan fa na ina ne?" in ji Mai unguwa.

"Na ƙari ne," in ji Nababa. "Kamfani kan saka su don nauyi."

Mashin ya tashi, sai dai in an danna hon fitila ce ke kamawa. Mai unguwa ya tura shi gida da hannu.

Gwajin Hashimu ya zo rana ta biyu. Nababa ya ce mai kiwon kaji sai ya iya kama kaza ba tare da ta yi kuka ba, ya nuna zakaran Liman. Hashimu ya ce a bari ya watsa masa tsaba ya zo da kansa. Nababa ya ce wannan dabarar ƙauye ce, ya tattare babbar riga ya nuna ta jami'a. Zakara ya haye danga, Nababa ya bi shi, danga ta kwanta, ya faɗa tsakar gidan Liman inda ake shanyar kuɓewa. Zakaran ya kwana biyu a kan ɗorawa bai sauko ba, daga can yake cara.

Liman ya fito ya dubi dangarsa, ya dubi Nababa.

"Yaron ya ci jarrabawar?"

"Ya ci, Allah gafarta Malam."

"To alhamdu lillahi da ba a yi asarar dangar a banza ba."

Na Sha'aban ya fi kowanne tara jama'a. Tun da babu tirela a Ɗorawar Liman, aka ɗaura wa shanun huɗa amalanke, Nababa ya tsaya a baya yana ba da hannu irin na 'yan kamasho.

"Zo. Zo. Akwai hanya. Zo."

"Malam Nababa, akwai rumbu fa," in ji Sha'aban.

"Ni nake gani ko kai? Zo."

Ya zo. Rumbun mahaifin Naziru ne, na ƙasa, an cika shi shekaranjiya. Gefe guda ya buɗe, damman gero suka gangaro, awakin unguwa suka taho ba tare da an aika musu ba. Nababa ya zaro biro ya yi alama a takarda, ya ce yaron yana da ƙarfin zuciya, abin da ake nema ke nan a babbar mota.

Aina'u ba ta sha wahala ba. Babbar rigar da danga ta yaga ya miƙo mata, ta ɗinke ta kafin azahar har ba a gane inda ta yage. Ya ɗaga ta a rana, ya ce gwaji ya nuna yarinyar tana da alamar ɗinki, abin da shi ya fara ganowa.

Ranar cike takardu ya kori kowa daga gindin ɗorawa. Aina'u ta kawo masa kunu, ta ɗan tsaya a bayansa. Ta yi aji uku na sakandare, tana iya haɗa baƙi in an ba ta lokaci. Ta ga ya ɗora yatsa a kan jerin sana'o'i yana motsa baki.

"Ta. La. Ra. Tela. Ga ki nan."

"Baffa, in duba?"

Ya kife takardar. "Sirrin ofis ne."

"Na ga kamar akwai wata a ƙasa mai tsawo, ita ma da irin wannan harafin ta fara."

"Mai tsawon ai tirela ce. Ba ki ga tsawonta ba? Kalma kan yi kama da abinta. Tela ɗan guntun mutum ne a zaune, tirela kuwa har ta gama wucewa ka gaji da kallo."

"Baffa, ko a nuna wa malamin firamare?"

"Aina'u, ni da na yi jami'a zan kai wa firamare aiki ta duba? Ɗauki kwanonki."

Ta ɗauka, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Ta gaya wa Fadima, Fadima ta ce ƙanin uba uba ne, ba a yi masa gyara a gaban takarda. Takarda ta biyar kuwa ba wanda ya tambaya, Nababa ya ce ta shugaba ce, ya cike ta da sunansa, ya kai duka biyar Zakirai da kansa.

Sati uku yana shiri. Ya sa aka share filin makaranta, ya aro kujerun roba, ya ce daga yau a riƙa kiransa Hedimasta domin baki ya saba. Ya yi wa mai shayi alkawarin kwangilar ciyar da ɗalibai. Ya ce wa Mai unguwa in an kawo tirelar Sha'aban sai an faɗaɗa hanyar ƙauye, aka sare reshen darbejiya biyu.

Ranar Laraba da hantsi motar ƙungiya ta iso, ƙaramar a-kori-kura ce da kwalaye a baya. Sha'aban ya leƙa bayanta ya ga ba abin da ke biye. Wata mata mai suna Malama Fanna ta fito da na'ura a hannu, ta gaida Mai unguwa da Liman, ta ce ba ta da dogon jawabi. Nababa ya ce shi yana da shi. Ya yi rabin awa, ya ambaci jami'a sau tara, ya rufe da cewa kowane yaro a nan an auna shi kamar yadda ake auna zinariya.

Malama Fanna ta duba na'ura. "Naziru."

Naziru ya fito yana murmushi. Aka buɗe kwali, aka miƙo masa cokalin gini, da igiya, da kwanon kwaɓa siminti.

"Hajiya, ina sifana?"

"Sifanar me? Magini ka zaɓa. Ga shi nan, Mason."

"Mashin," in ji Nababa daga kujerarsa, cikin haƙuri irin na mai gyara wa ɗalibi. "Mashin ake cewa. Bakinki ne ya matse."

Malama Fanna ta dube shi ta saman tabarau, ta koma kan na'ura. Mahaifin Naziru ya ce daga cikin taro, "A bar masa. Akwai rumbu yana jira."

"Hashimu."

Tukunya biyu, ludayi, da farar hula doguwa.

"Ni kaji na ce," in ji Hashimu.

"Catering aka yi wa alama. Girki ke nan."

"Ka da ka," in ji Nababa. "Kaji, katarin. Asalinsu ɗaya."

"Za ka ga kaji," Malama Fanna ta ce wa Hashimu. "Sai dai a fige."

Dariya ta fara daga wajen mata, ta tsallaka wajen maza. Aina'u ba ta yi ba. Tana kallon babban kwalin da ke can ƙuryar mota, wanda ƙafar ƙarfe ta leƙo daga ƙasansa. Ta san wannan ƙafar, ta sha kallonta a Zakirai.

"Aina'u."

Ta fito. Ba babban kwalin aka jawo ba, wani dogo ne siriri. Aka fito da ƙarfe mai hannu da 'yar ƙaramar wuƙa mai zagaye, da gudumar roba.

"Tiler," in ji Malama Fanna. "Mai shimfiɗa tayil a ɗaki. Wannan injin yanka shi ne. Gaskiya mun yi murna, ke ce mace ta farko da ta nema."

Aina'u ta riƙe gudumar roba, ta rasa inda za ta kalla. Shekara bakwai tana jiran wannan rana, kuma ba za a sake zuwa Ɗorawar Liman ba. Kuka ya taho mata, ta haɗiye shi, domin gari duka yana wurin.

"Hajiya, tela na ce. Ɗinki."

"Ɗinki an riga an ba wani. Sha'aban."

Mutum biyu suka sauko da babban kwali. Keken ɗinki ne baƙi, sabo, da zanen ruwan gwal a jikinsa. Sha'aban ya zagaya shi sau ɗaya.

"Malam Nababa, ina tayoyin?"

Nababa ya miƙe, ya gyara tabarau. "Hajiya, an yi kuskure a ofishinku. Tirela na rubuta wa yaron nan."

"Tailoring ka yi wa alama."

"To me na ce?"

"Baba, a jerinmu babu tuƙi ko na keke."

"Keken ai ga shi kun kawo," in ji mai shayi.

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kafaɗunsa suna rawa. Mai unguwa ya dubi darbejiyar da aka sare wa reshe. Fadima ta ja mayafi ta matso gaba, ta ce da muryar da ba ta ɗagawa, "Hajiya, ba a gyarawa?"

Malama Fanna ta ce ana iya musanya tsakanin 'yan ƙauye ɗaya, in duk biyun sun yarda. Sha'aban bai jira an tambaye shi ba. Ya ce ko tayil ɗin a tirela ake kawo shi, wataƙila ya saba da direbobi. Ya karɓi gudumar roba daga hannun Aina'u kamar mai karɓar mukulli.

"Da sharaɗi ɗaya," in ji Malama Fanna. "Kujerun ƙauye biyar ne, kuma tare suke tafiya. In ɗaya ta zama wofi kafin wata shida, kayan duka su koma, takardar shaida kuma babu. Saura mutum na biyar. Nababa."

Nababa ya gyara babbar riga, ya fito a hankali. Ko me ya faru da yara, shugabanci dai yana nan.

"Hedimasta," ya ce wa taro. "Ha da ra. Wannan kam ko makaho ya karanta."

Aka buɗe kwali na ƙarshe. Malama Fanna ta sa hannu ta zaro kai. Kan roba ne na mace, da dogon gashi har gadon baya, da ido biyu a buɗe. Ta ɗora shi a kan tebur, ta ajiye mataji da tsinken kitso a gefensa.

"Hairdresser," ta ce. "Gyaran gashi. Wata ukun farko kitso a kan roba, daga nan maza su koma aski."

Kan roba yana kallon Nababa, Nababa yana kallonsa.

"Ya nemi ya zama kan gari," in ji mahaifin Naziru, "ga shi an ba shi kai."

"Hajiya," in ji Mai unguwa, "shirin ba na matasa ba ne? Wannan ai ya ba arba'in baya."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma takarda ta biyar dabam ce. Kowane ƙauye muna ware kujera ɗaya ga babba wanda bai taɓa koyon wata sana'a ba."

Liman ya ɗago kai. "To wannan kam ya cike ta daidai."

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce kawai, har da masu zama a ƙasa. Nababa ya tsaya har ta lafa, sannan ya ce shi ba za a wulaƙanta ilimi a gabansa ba, ya yi murabus. Ya juya ya nufi bakin fili. Malama Fanna ta yi wa direba alama, direba ya kama gefen kwalin keken ɗinki zai mayar mota.

Aina'u ta riga kowa motsi. Ta sha gaban Nababa ta durƙusa, kamar yadda take yi in ta kawo masa kunu.

"Baffa."

"Tashi, Aina'u. Ba zan yi wa roba kitso ba."

"Baffa, ni ban ce ka yi ba. Na ji dai matan can suna cewa ba za ka iya ba."

Ya tsaya. "Wa ya ce?"

"Sun ce kitso ba a jami'a ake koyonsa ba. Wai shuku ma kaɗai sai ya gagare ka."

Fadima, wadda ba ta taɓa yi wa ƙanin mijinta gyara ba, ta ce daga inda take, "Ni ma na ce ba zai iya ba."

Nababa ya dubi matan, ya dubi direba da kwali a hannu, ya dubi yarinyar da ke durƙushe. Ya ga idonta ya cika, kuma ya san ba don shuku ba ne. Sannan ya koma wajen tebur, ya ɗauki kan roba ya saƙale shi a hammata.

"Kitso lissafi ne," ya ce wa taro. "Uku-uku ake ɗauka. Da ma na daɗe ina lura ba daidai kuke yinsa a garin nan ba."

Direba ya ajiye kwali.

Ranar Litinin za su fara zuwa gari. Malama Fanna ta ce masu gyaran gashi su zo da rigar aiki, don haka ɗinkin farko da keken Aina'u ya yi na Baffanta ne. Ta yi shi da shuɗin yadi, da aljihun gaba mai ɗaukar biro uku da mataji. Ya ce ta rubuta masa muƙaminsa a ƙirji da farin zare. Ta karɓi takardarsa ta ƙungiya, ta kwafi kalmar harafi bayan harafi, ba ta rage ko ɗaya ba.

Da safe suka tsaya bakin hanya su biyar, kowa da kayansa. Nababa ya sa rigar a kan kaftani, kan roba a hammata, gashinsa na lilo. Ya sunkuya ya ɗora yatsa a ƙirjinsa yana motsa baki.

"Ha. Da. Ra."

"Ya yi, Baffa?"

"Ya yi. Kin ga abin da nake faɗa, in yaro ya samu wanda ya auna shi." Ya gyara wa kan roba zama, ya ɗaga wa mota hannu. "Ku shiga a layi. Hedimasta ne ƙarshe."